Waiwaye: Kashi 25 da Matsayin Abuja a Zaɓen Shugaban Ƙasa

A Najeriya yawan ƙuri'a kaɗai ba ya kai mutum fadar Aso Rock. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya gindaya sharaɗi biyu: ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a, sannan ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa a kowace ɗaya daga cikin kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar da Babban Birnin Tarayya. Da wannan mudun za a auna zaɓen 2027.

Sharaɗin ya samo asali ne daga darasin Jamhuriya ta Farko, lokacin da jam'iyyu suka raba yankuna: NPC ta kame Arewa, AG ta riƙe Yamma, NCNC kuma Gabas. Kwamitin rubuta kundi da Janar Murtala ya kafa a 1975 ƙarƙashin Rotimi Williams ya so a samu shugaban da ba na yanki ɗaya ba, aka sa dokar a kundin 1979.

Tun a gwajin farko, wato zaɓen 1979, aka yi karo. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma 19 ba ta rabuwa uku. Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu kashi 25 a jihohi 12, amma a Kano, inda PRP ta Malam Aminu Kano ta yi kaka-gida, bai kai kashi 20 ba. Obafemi Awolowo, wanda ya zo na biyu, ya garzaya kotu yana cewa sai an cika jihohi 13. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a Kano a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un, a nemi rubu'insu. Hakan ya sauko da abin da ake bukata zuwa ƙasa kaɗan da kashi 17, wanda Shagari ya haura. Ranar 26 ga Satumba 1979 Kotun Ƙoli ta amince, Mai shari'a Kayode Eso ne ya ƙi.

Da jihohi suka zama 36 a 1996 aka ɗauka an huta, tunda lissafin ya tsaya a 24 cif. Ashe da sauran rina a kaba.

A 2023 Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533. Tinubu ya wuce jihohi 24 da ake nema, amma a nan Abuja kashi 19 ya samu, Obi ne ya kwashe birnin. Lauyoyin masu ƙara suka ce kundi ya ambaci Abuja daban, don haka wanda bai samu rubu'i a cikinta ba bai ci ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da hujjar ranar 6 ga Satumba, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Oktoba. An dogara da sashe na 299, wanda ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha. Hukuncin ya yi daidai da hankali: ba dalilin da zai sa ƙuri'ar mai sayar da doya a Gwagwalada ko Kuje ta fi ta takwaransa na Suleja nauyi. Sai dai rubutun sashen yana nan yadda yake.

Abin da ba a taɓa gwadawa ba shi ne zagaye na biyu. In babu wanda ya cika sharuɗɗan, INEC za ta sake zaɓe cikin kwana 21; da kwana 7 ne kafin a yi gyara. Mutane da yawa na ɗauka na ɗaya da na biyu ne za su kara. Ba haka ba ne. Wanda ya fi ƙuri'a zai kara ne da wanda, a cikin sauran, ya yi rinjaye a jihohi mafi yawa, ko da shi ne na uku a jimla. In mutum biyu suka yi kunnen doki a yawan jihohi, sai a duba jimlar ƙuri'unsu. A wannan zagayen ma sharaɗin kashi 25 bai faɗi ba, sai a na uku ne rinjaye kaɗai ke wadatarwa.

Duk wannan dole ya shiga cikin ƙurarren lokaci. Sashe na 132 ya ce a yi zaɓe tsakanin kwana 150 da kwana 30 kafin cikar wa'adin shugaba mai ci, wanda zai cika ranar 29 ga Mayu 2027. Mai ƙorafi yana da kwana 21 ya shigar da ƙara, kotu na da 180, ɗaukaka ƙara 60, shi ya sa ake rantsar da shugaba shari'a na gaban alƙalai.