Filin Tseren Motoci na Bahrain da ke Sakhir

Filin tseren motoci na ƙasa da ƙasa na Bahrain yana Sakhir ne, cikin hamada, wajen kilomita 30 kudu da Manama babban birnin ƙasar. An buɗe shi a 2004, kuma shi ne wuri na farko a duk Gabas ta Tsakiya da aka taɓa yin gasar Formula 1. Yarima mai jiran gado Salman bin Hamad Al Khalifa ne ya tsaya kai da fata sai da aka gina shi, Bajamushe Hermann Tilke ya zana, aikin ya lashe kusan dala miliyan 150. A da can, wurin gonar raƙuma ce.

Tsarin filin

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba titi ɗaya ba ne a wajen, tituna ne aka sarƙa su cikin juna ta yadda in an toshe nan an buɗe can sai a samu wani zagaye daban, har kala shida ake fitarwa. Wanda aka fi sani shi ne na Grand Prix, tsawonsa kilomita 5.412, kwana 15, ana zagaya shi sau 57 a tsere ɗaya. Akwai mai tsawo na kilomita 6.299, akwai na gefe mai kilomita 3.543 wanda kusan duk gudu ne ba birki sosai, ga wasu ƙanana na ciki, ga miƙaƙƙen titi na tseren mota biyu-biyu da ake tashi daga tsaye a ga wa zai riga kaiwa, sannan ga filin ƙananan motocin kart inda yara ke koyo. A gefe kuma dogon benen Sakhir ne na manyan baƙi.

Hamada ita ce babbar matsalar wurin gaskiya. Iska na kwaso yashi ta zuba kan kwalta, taya kuwa in ta hau yashi santsi take yi, shi ya sa ake fesa wani sinadari mai danƙo a kan rairayin da ke kewaye don kar ya tashi. Tsakuwar da aka yi kwaltar da ita ma ba ta nan ba ce, daga wani wurin fasa dutse a Shropshire ta Ingila aka yi jigilarta, tana riƙe taya sosai amma fa tana cinye ta kamar me, musamman tayoyin baya. Kwana ta 1 ita ce wajen wuce juna, ana zuwa da mugun gudu daga miƙaƙƙen titin da ya haura kilomita ɗaya sai a danne birki a karya dama. Tun 2014 sunan Michael Schumacher aka sa mata. Amma ni a ganina kwana ta 10 ce ke nuna gwani, don gangara ce kuma direba yana juya sitiyari hagu yana taka birki lokaci guda, kaɗan ya yi kuskure tayar gaba ta ƙame sai ka ga hayaƙi.

Tarihi

Schumacher ne ya ci tseren farko ranar 4 ga Afrilu 2004 da Ferrari. A 2010 an gwada dogon zagayen nan, Fernando Alonso ya yi nasara, sai dai tseren bai yi armashi ba ko kaɗan, ba a sake amfani da shi a Formula 1 ba. A 2011 soke gasar aka yi saboda zanga-zangar da ta ɓarke a ƙasar wadda aka rasa rayuka a cikinta, da aka dawo a 2012 ma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun yi ta suka cewa gwamnati na fakewa da wasa ne tana wanke sunanta, kuma har yau wannan magana ba ta mutu ba.

A 2014 aka mayar da tseren na dare ƙarƙashin fitilu, zafi ya ragu, kuma a daren farkon Lewis Hamilton da Nico Rosberg, dukansu 'yan Mercedes, suka yi ta gumurzu har ƙarshe, Hamilton ya ci da ƙyar. Shi ne ma ya fi kowa cin gasar Bahrain, sau 5.

Shekarar 2020 kam ba za a manta da ita ba. Saboda korona an rasa filaye, sai aka yi tsere biyu a jere a nan, a lokacin ne amfanin tituna da yawa ya fito fili. Ranar 29 ga Nuwamba a zagayen farko motar Romain Grosjean ta daki shingen ƙarfe bayan kwana ta 3, ta rabe gida biyu ta kama da wuta, mutumin ya yi kusan daƙiƙa 28 a cikin wutar kafin ya fito da ƙafarsa, hannayensa ne suka ƙone. Wanda ya ga abin kai tsaye bai zaci zai rayu ba wallahi. Ƙarfen kariyar kai da ake kira halo, wanda shi kansa ya taɓa kushewa, shi ya zama sanadin tsirarsa. Bayan mako guda aka yi tsere na biyu a zagayen gefe, sau 87, kowane zagaye bai kai minti ɗaya ba, Sergio Pérez da ya koma na ƙarshe tun a zagayen farko shi ya zo ya ci, nasararsa ta farko kenan a Formula 1.

Sauran wasanni

Ban da Formula 1, tun 2012 ake yin gasar juriya ta duniya wato WEC a nan, da awa 6 ce daga baya aka mayar da ita awa 8. Motocin V8 na Ostiraliya ma sun zo a 2006 zuwa 2008 da kuma 2010, kuma tun 2021 ƙungiyoyin Formula 1 nan suke zuwa gwajin sababbin motoci kafin a fara kaka. A wajen ba da kofi ba a fesa giya kamar yadda ake yi a Turai, wani lemo ne na ruwan wardi da rumman ake fesawa. Azumi ma yana taɓa jadawalin, a 2024 ranar Asabar aka yi tseren maimakon Lahadi don a samu a gama na Saudiyya da ke biye kafin Ramadan ya kama, a 2025 kuma aka ɗaga shi zuwa Afrilu. Yarjejeniyar filin da Formula 1 za ta kai har 2036.