Fahimtar Abin da Wani Ya Ji

Fahimtar abin da wani ya ji tsohuwar mas'ala ce a falsafa da ilimin harshe. Tambayar ita ce ko mutum zai iya gane ciwo ko damuwar wani alhali ba su yi tarayya a ma'anar kalmomin da ake kiran abin da su ba.

Tarihi

A wajajen shekarun 1930, masanin harshe Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf a Amurka sun yi nuni da cewa harshe yana tsara yadda mai shi ke rarrabe duniya. A 1974 masanin falsafa Thomas Nagel ya kawo misalin jemage: ko an san duk yadda yake gane hanya da amsa-kuwwar sautinsa, ba a san yadda shi yake jin hakan ba. A shekarar ce kuma wani masanin falsafa, Donald Davidson, ya ce saɓani ba ya bayyana sai a kan tushen da aka yarda da shi tare, don haka duk maganar da ta fassaru, akwai tarayya a ƙarƙashinta. Har yau ba a daidaita ba.

A asibiti

Nan ne mas'alar ta fi nauyi. Mace a Gusau za ta ce tana da “sanyi”, tana iya nufin ciwon gaɓoɓi, mura, ko ƙaiƙayi da fitar ruwa. Ƙwararren ma'aikacin lafiya ba ya tsayawa kan kalmar. Yakan ce ta nuna wurin da hannu, ya tambayi kwana nawa, da dare ne ko da rana, me ta sha, sannan ya maimaita mata abin da ya fahimta domin ta gyara. Kuskure yakan shigo ne idan tafinta ya zaɓi ma'ana ɗaya ya miƙa wa likita.

Gubar dalma ta 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu, ta nuna cewa giɓin fahimta yakan shafi kowane ɓangare. Iyaye sun ga amai da jijjiga, an fara ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi aiki ba, sai gwajin jini ya nuna dalma daga ƙurar duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Guba marar wari, a cikin ƙasar tsakar gida, sai da aka yi ta bayani kafin ta zauna a zukata. Amma wahalar ’ya’yansu, iyayen sun riga kowa ganinta.

Al'ada

Haka abin yake wajen fahimtar al'adar wasu. Golmo na ƙabilar Lelna a ƙasar Zuru, wato noman da saurayi ke yi wa surukai shekaru da dama, bakwai a wasu ruwayoyi, akan kwatanta shi da sadaki ko gayya. Kowanne ya kama wani gefe ne kawai.