Kun zaɓi abincin Bahar Rum, me ya haɗa ku da lemon kwalba?

A 'yan watannin nan, ma'aikatan ofis da ke zuwa mana awon hawan jini da na sukari suna ta maimaita magana ɗaya, cewa sun bar shinkafa da rana sun koma cin abincin ƙasashen Bahar Rum a wuraren sayar da abinci da ke ƙasan manyan gine-ginen ofisoshinsu. Suna faɗin haka hankali kwance, amma awo ba ya goyon bayansu, domin sukari yana hawa, teɓa kuma tana ƙaruwa. Da an matsa da tambaya, sai a tarar kusan kowa yana kora abincin da lemon kwalba mai sanyi.

Abincin kansa ba shi da laifi, kuma ina yaba wa duk wanda ya zaɓe shi. Ganye ne da wake iri-iri, da kifi, da man zaitun, da 'ya'yan itatuwa, jan nama kuwa sai jefi-jefi, kamar yadda mutanen tsibirin Kirit na ƙasar Girka da kudancin Italiya suka gada. A Sifaniya an yi wani babban bincike mai suna PREDIMED a kan mutum sama da 7,000 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya, wanda aka wallafa a 2013 aka kuma sake wallafa shi da gyara a 2018, inda aka ga masu cin irin wannan abinci tare da man zaitun ko dangin gyaɗa irin su almon sun samu ragin kusan kashi 30 cikin ɗari na bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sai dai a cikin shawarwarin da aka ba waɗannan mutane har da ƙaurace wa lemo mai sukari, kuma wannan ne sharaɗin da ku kuka tsallake.

Ku yi lissafin da kanku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, kuma ya fi kyau a sauko zuwa giram 25. Yawancin lemon kwalba yana ɗauke da kusan giram 10 a kowace mililita 100, saboda haka robar nan ta rabin lita da kuke ajewa kusa da farantin ta cinye rabon yini ɗungurungum kafin a kira La'asar. Haba jama'a! Mutum ya biya kuɗi mai tsada ya sayi gasasshen kifi da kwaɗon faski da tumatir, sannan ya kwarara cokalin shayi goma sha biyu na sukari a kai, ya dawo yana tambayarmu me ya sa magani ba ya aiki?

Na san uzurorinku, kuma ban raina su ba. Ana zafi, hutun gajere ne, kuma masu sayarwa sun iya haɗa farashi ta yadda lemon zai zama kamar kyauta, har mutum ya ji barinsa asara ce. To, ku bar shi ko da kyauta ne. Kada kuma ku ce kun koma lemon kwali ko zoɓo, domin na kwalin ma sukari ne, zoɓon da ake sayarwa a roba kuwa sau da yawa ba a san iyakar abin da aka zuba masa ba. Gwamnatin Najeriya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan lemuka a Dokar Kuɗi ta 2021, amma babu harajin da zai ƙwace robar daga hannunku.

Akwai wasu kurakuran da ba zan tsaya a kansu sosai ba. Shawarmar da aka cika da bama da soyayyen dankali ta fita daga abincin da likita yake nufi, falafel soyayye ne kamar ƙosai, zaitun da cuku kuma suna da gishiri sosai, alhali masu hawan jini bai kamata su kai giram 5 a yini ba. Duk da haka, lemon ne ya fi damuna, domin shi ake sha kullum ba tare da an ƙirga shi cikin abinci ba.

Abin yi kaɗan ne: ku nemi ruwa, in kuna so a matse lemon tsami a ciki, a cika rabin faranti da ganye, a ɗauki gasasshe a bar soyayye, gurasa ɗaya ta isa, miyar bama a sa ta a gefe. Wanda ke shan maganin ciwon sukari kada ya daina shi ko ya rage da kansa don ya sauya abinci, ya zo da katinsa mu sake awo bayan wata guda da barin lemon.