Allurar Botox ta kwalliya da shayarwa

Botox sunan kasuwanci ne na allurar da ake haɗawa daga gubar botulinum, wato gubar da wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum take fitarwa. Ana yin ta a fuska don kwantar da tamoji, kuma tambayar ko mai shayarwa za ta iya yi har yanzu likitoci ba su gama daidaita baki a kai ba.

Tarihi

Wani likitan Jamus, Justinus Kerner, shi ya fara bayanin botulism, cutar da wannan gubar take jawowa, dalla-dalla wajen 1820 bayan mutane sun yi ta mutuwa a kudancin Jamus saboda cin naman da aka cusa a hanji ya lalace, sunan ma daga kalmar Latin ta irin wannan naman aka samo shi. A 1895 wasu makaɗa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam suka ci gurɓataccen naman alade bayan wata jana'iza, a nan ne Emile van Ermengem ya gano ita ƙwayar cutar kanta. Maida guba magani kuwa aikin Alan Scott ne, likitan ido a San Francisco, wanda a ƙarshen shekarun 1970 ya fara yi wa masu harara-garke allurar. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989 don ciwon ido. Zancen kwalliya kam tsintuwa ce, wajen 1987 Jean Carruthers da mijinta Alastair a Vancouver ta Kanada suka lura tamojin goshin masu zuwa maganin ido yana ɓacewa, sai a 2002 aka ba da izinin yin ta don kwalliya.

Yadda take aiki

Gubar tana hana jijiya aika saƙo ga tsoka sai tsokar ta saki, wata uku zuwa huɗu abin ya koma yadda yake. Don layukan tsakanin gira yunit 20 ake yi a wuri biyar.

Nono da jariri

Takardar da ke cikin kwalin maganin ta faɗa a fili cewa babu bayani kan ko yana shiga ruwan nono, dalili kuwa masu ciki da masu shayarwa ba a saka su a gwajin magani irin wannan. Masu ganin babu matsala suna kafa hujja da cewa ƙwayar gubar babba ce ƙwarai, da wuya ta ratsa zuwa nono, sannan ɗan abin da ake yi a fuska yawanci a tsokar yake tsayawa. Akwai ma rahoton wata uwa da ta kamu da cutar botulism sosai ta hanyar abinci ta ci gaba da ba ɗanta nono kuma yaron bai kamu ba. Wani ƙaramin bincike na baya-bayan nan kuma ya ga ɗan burbushi a nonon wasu matan, ƙasa sosai da abin da zai cutar, amma matan da aka gwada ba su da yawa. Shi ya sa likitoci da yawa suke cewa tunda kwalliya ce ba lalura ba a bari sai an yaye, kuma gaskiya wannan shawarar ba ta da asara. Wadda ake yi wa don ciwon kai mai tsanani ko sanƙarewar tsoka ita lissafinta daban ne, da likitanta za ta yanke. Tatse nono a zubar bayan allura babu hujjar da ta nuna yana da amfani.

Haɗarin da aka tabbatar

Tun 2009 kwalin yake ɗauke da gargaɗin cewa gubar na iya bazuwa ta taɓa haɗiya da numfashi. A 2024 mutane a jihohin Amurka da dama sun kwanta asibiti saboda jabun allura ko wadda marasa lasisi suka yi musu a gida da shagunan gyaran jiki.

Botulism ɗin jarirai kuwa ta wata hanya yake zuwa, ƙwayoyin cutar ne suke tsira a hanjin yaro, kuma zuma na cikin abubuwan da ke ɗauke da su, don haka ba a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya zuma ko da ɗan lasawar da ake yi wa sabon haihuwa a gidajenmu ne. Alamominsa su ne rashin yin kashi, kasa kama nono, kuka ba ƙarfi, fatar ido ta sauko, jiki ya saki. In an ga haka asibiti ake nufa a take.