Wai me ake nufi da "fotoshop ne"?

Kwanan nan duk hoton da ya fito bai yi wa wani daɗi ba, amsar ɗaya ce: fotoshop ne. A ga ɗan siyasa a inda bai so a gan shi ba, kafin la'asar yaransa sun cika Facebook da fotoshop ne. A rediyo ma sai ka ji mai gabatarwa yana cewa an yi wa bidiyo fotoshop, har murya wai ana yi mata. Kalmar ta koma ƙarya kawai take nufi, kuma abin yana ci min rai, don akwai samari da 'yan mata a Tudun Wada da Rigasa da Kawo a Kaduna da sana'ar tsara hotuna ce abincinsu, suna haɗa wa mutane album na biki da suna da walimar sauka, amma yanzu in suka faɗi aikinsu sai a riƙa kallonsu kamar masu buga takardun bogi.

Photoshop sunan manhaja ce, shi kenan. Wasu 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, suka faro ta a 1987, kamfanin Adobe ya fitar da ita kasuwa a 1990. Yawancin masu dizayin ɗinmu ma ba da ita suke aiki ba, na shago CorelDraw suka fi riƙewa, na waya kuma PixelLab da PicsArt da Canva. Canja hoto don yaudara kuwa ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, a Tarayyar Sobiyet an goge Nikolai Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan sirri, daga hoton da yake tsaye kusa da shugaba Stalin bayan an kashe Yezhov ɗin a 1940, da hannu aka yi wannan aikin.

Abin da na fi so mutane su gane shi ne leya, don nan ne sana'ar take, kuma sai a 1994 Photoshop ta samu shi. Ka ɗauka kana da fararen ledoji masu garau ka jera su ɗaya kan ɗaya, kowace da abin da aka zana mata, in ka leƙo ta sama sai ka ga hoto guda. To haka ake gina shafi. Misali shafin yarinyar da ta yi saukar Alƙur'ani. Can ƙasa takardar bango ce, a ce ruwan madara mai ɗan zane. A kanta hoton yarinyar riƙe da allonta. Sai firam, sai fure a kusurwa, sai ribon, sai sunanta da ranar sauka. Kowanne zamansa daban, in uwar ta ce furen nan ya rufe allon sai a ja shi gefe ba tare da an taɓa fuskar yarinyar ba. Hoton asali yana nan yadda mai hoto ya ɗauka, ko ɗigo ba a canja masa ba. Ina ƙaryar a nan don Allah?

Sannan inuwa, wadda ita ce ke raba gwani da ɗan koyo. Duk abin da aka ɗora a shafi sai an yi masa 'yar inuwa kafin ido ya yarda cewa a kan takarda yake zaune. Takarda siririya ce, inuwarta ƙarama ce manne da ita. Fure yana da kauri, tasa ta fi nisa ta fi laushi. Kuma dole duk su faɗi gefe ɗaya, in haske daga hagu ta sama yake zuwa to kowace inuwa dama ta ƙasa za ta kwanta. Sau da yawa za ka ga katin biki ya ƙi kwanta maka a rai ka rasa dalili, in ka duba da kyau inuwar fure tana gabas ta firam tana yamma, ko kuma an zuba baƙa ƙirin kamar an shafa gawayi. Rubutu kuma ba ya son inuwa in ana so ya fito kamar da biro aka yi shi a kan takardar.

Su kansu kayan adon a nau'in fayil ɗin hoto da ake kira PNG ake ajiye su, saboda PNG yana riƙe wajen da babu komai a matsayin babu komai, ɗaya nau'in da ake kira JPEG kuwa bai iya ba, cike wajen yake yi da kala. Shi ya sa in ka tura wa abokin aiki fure ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso masa da bango, ka tura shi a dakumen. In kuma bugawa za a yi, shafi mai inci 12 kowane gefe yana buƙatar fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 3600 tsawo da faɗi, wato 300 a kowane inci, in ba haka ba firinta za ta fito maka da shi dishi-dishi.

Ni abin da ke damuna da masu aikin namu daban ne. Kayan ado na intanet ake kwasowa, sai ka ga album ɗin bikin da aka yi a Unguwar Sanusi cike da ƙanƙarar Turai da busassun ganyen da ko bishiyarsu ba mu da ita. Alhali ga atamfar ankon bikin nan, a shimfiɗa ta kusa da taga a ɗauka ta zama takardar bango. Ga zanen lallen amarya, ga aska takwas ta babbar rigar ango, ga dagin Arewa, ga saƙar faifai. A ɗauka, a yanke bangon, a ajiye a PNG, ka samu kayan da babu mai irinsu. Wanda ya buɗe wannan album ɗin bayan shekara 20 zai tuna har kalar ankon.

Inda nake yarda a yi ƙorafi shi ne in aka shiga cikin hoton kansa. A ƙara mutane a filin taron siyasa, a sa wani kusa da wanda bai taɓa gani ba, wannan yaudara ce ko da wace manhaja aka yi ta, kuma sunanta ya kamata a kira, hoton bogi. Har da wanda muke yi kullum ba ma ɗaukarsa komai, a ɗauki amarya baƙa kyakkyawa a wanke ta tas ta koma fara, a rage mata hanci, har kakarta ta karɓi album tana tambayar wace ce wannan. Masu biki ne da kansu ke cewa a ƙara haske, na sani, amma ni ina roƙon masu dizayin su riƙa nuna musu na asalin a cikin firam mai kyau tukuna kafin su taɓa fatar.