Game of Thrones (fim mai dogon zango)

Game of Thrones fim ne mai dogon zango na ƙasar Amurka wanda tashar HBO ta haska daga 17 ga Afrilu 2011 zuwa 19 ga Mayu 2019, cikin zango 8 da kashi 73. David Benioff da D. B. Weiss ne suka tsara shi daga jerin littattafan almara na George R. R. Martin, A Song of Ice and Fire, labarin gidajen sarauta masu rikicin karagar mulki a wata ƙagaggiyar nahiya mai suna Westeros.

Asalin littattafan

Martin ya yi aikin rubuta shirye-shiryen talabijin a Hollywood cikin shekarun 1980. Ya sha ba da labarin yadda furodusoshi kan dawo masa da rubutu su ce ya yi tsawo, ya yi tsada, a rage mutane, a rage yaƙi. Da ya koma rubutun littafi a 1991 sai ya saki hannu: ɗaruruwan mutane masu suna, manyan rundunoni, dodanni masu aman wuta, da katangar ƙanƙara mai tsayin ƙafa 700. Littafi na farko ya fito a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar a 2011. Sauran biyun da ya yi alkawari ba su fito ba har fim ɗin ya ƙare.

Yadda aka kai ga HBO

Masu neman mayar da labarin fim ɗin silima sun yi ta zuwa, Martin yana ƙi, don awa biyu ko uku ba za su ɗauke shi ba. Wajen 2006 Benioff da Weiss suka zauna da shi a wani gidan abinci a Los Angeles, zaman da aka ce ya kai awa biyar. Daga ƙarshe ya jarraba su da tambaya guda: wace ce mahaifiyar Jon Snow, ɗaya daga manyan mutanen labarin? Littattafan ba su faɗa ba, sai mai karatun natsuwa ne zai hango. Suka amsa daidai. HBO ta karɓi haƙƙin labarin a farkon 2007.

Kashin gwaji da aka ɗauka a ƙarshen 2009, a Ireland ta Arewa da Scotland da Maroko, bai yi armashi ba. Abokan marubutan da suka kalla ba su ma gane cewa Jaime da sarauniya Cersei, masu soyayya a ɓoye, 'yan uwan juna ba ne, alhali duk rikicin labarin a kan wannan ya rataya. Duk da haka HBO ta amince da shirin a Maris 2010. Aka sake ɗaukar kusan dukan kashin, aka canza manyan jarumai biyu: Emilia Clarke ta karɓi matsayin Daenerys, Michelle Fairley ta karɓi na Catelyn. Ba a taɓa haska gwajin farko ba.

Bambanci da littafi

A littafi kowane babi daga idon mutum ɗaya yake zuwa, mai karatu na jin abin da ke ransa. Kyamara ba ta da wannan dama, shi ya sa aka ƙirƙiro hirarrakin da babu su a littafi. An ƙara wa yaran shekaru. Daenerys 'yar shekara 13 ce a farkon littafin. An mayar da sunan Asha zuwa Yara don kada a rikita ta da Osha, an cire wasu mutane ɗungurungum, irin su Lady Stoneheart. David J. Peterson ya gina harshen Dothraki daga 'yan kalmomin da Martin ya watsa a littattafan.

Kuɗi ma ya yi nasa hukuncin. Kowane kashi na zangon farko ya ci kimanin dala miliyan 6, wanda bai isa babban yaƙi ba. A wani kashi sai aka sa guduma ta bugi Tyrion ya suma tun kafin a gwabza, ya farka an gama; a littafi kuwa da shi aka fafata. A zangon ƙarshe kuɗin kashi ɗaya ya kai kimanin dala miliyan 15.

Zango na 1 da na 2 sun bi littafi ɗai-ɗai, na 3 da na 4 suka raba littafi na uku, na 5 ya haɗa na huɗu da na biyar. Daga zango na 6 fim ya wuce littafi, aka dogara da abin da Martin ya shaida wa marubutan game da ƙarshen labarin.

Wuraren ɗauka

Cibiyar aiki tana Belfast. An kuma yi ɗauka a Malta, Dubrovnik ta Kuroshiya, Iceland, Maroko da Sifaniya.

Karɓuwa

Shirin ya ci lambar yabo ta Emmy 59. Zangon ƙarshe, mai kashi 6, ya sha suka kan gaggawa, har sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar neman a sake shi. HBO ba ta sake ba. A 2022 ta fara haska House of the Dragon, labarin zuriyar Targaryen, gidan su Daenerys, kusan shekara 200 kafin wannan.