Ɓaure a Littafi Mai Tsarki

Ɓaure shi ne itace na uku da Littafi Mai Tsarki ya ambata da suna, bayan itacen rai da itacen sanin nagarta da mugunta. Da ganyensa Adamu da Hauwa'u suka rufe tsiraicinsu (Farawa 3:7). Ɓauren Falasɗinu, wanda masana tsirrai ke kira Ficus carica, na lambu ne, ana shanya 'ya'yansa a yi curi, har aka ɗora irin curin nan a kan marurun sarki Hezekiya (Ishaya 38:21). Wanda muka sani a bakin rafukan Filato, mai 'ya'ya cunkus a jikin reshe, ɗan uwansa ne, Ficus sycomorus, kuma irinsa Zakka ya hau a Yariko.

A Tsohon Alkawari ɓaure ma'aunin zaman jama'a ne. A zamanin Sulemanu kowa na zaune lafiya a gindin inabinsa da ɓaurensa, daga Dan har Biyer-sheba (1 Sarakuna 4:25), Mika 4:4 kuma ya mai da wannan hoto alkawarin salama. Dalilin a fili yake: itacen yana ɗaukar shekaru kafin ya ba da amfani sosai, mai gudun yaƙi kuwa ba ya dasa shi. Irmiya 24 ya nuna kwando biyu na 'ya'yan ɓaure, masu kyau su ne waɗanda aka kwashe zuwa Babila, ruɓaɓɓu su ne sarki Zadakiya da mutanensa.

Nassin da ya fi tayar da muhawara shi ne Markus 11. Yesu ya fito daga Betanya da yunwa, ya hango ɓaure mai ganye, ya isa bai sami kome ba, sai ya la'anta shi, alhali Markus da kansa ya ce ba lokacin ɓaure ba ne. Tambayar da kan taso a ajin nazarin Littafi a majami'un Hausa na Jos, na COCIN ne ko na ECWA, ita ce: mene ne laifin itacen? Amsa mafi ƙarfi tana cikin tsarin labarin. Markus ya raba shi biyu, ya sa korar 'yan kasuwa daga Haikalin Urushalima a tsakiya, washegari kuma aka tarar itacen ya bushe tun daga saiwa. Masu fassara da yawa na ganin ganyen nan ibada ce mai yawan hidima marar 'ya'ya, suna kuma haɗa bushewar da rushe Haikali a shekara ta 70 bayan haihuwar Yesu.

Ya kamata a karanta wannan tare da Luka 13:6-9. Can mai gona ya yi shekara 3 yana neman 'ya'ya a ɓaurensa bai samu ba, ya ce a sare. Mai lura da gonar ya roƙi shekara guda, don ya yi wa itacen kaftu, ya zuba taki. Luka bai faɗi ko itacen ya haihu ba.